Shingayen Alhaji Abdulrauf

Kafin a san sunan Perpetual Albert a filayen wasa na Abuja, kwatocin Karu ne suka fara sanin ƙafarta. Uwarta Angelina tana da teburin kayan marmari a bakin titi, daidai mahaɗar da motoci ke rage gudu, kuma tun yarinyar tana firamare ita ce mai kai wa masu mota lemo da kankana. Mai mota kuwa ba ya jira. Idan ya miƙo hannu ta taga, ko ki iso ko wata ta riga ki. Tsakanin teburin da kwalta akwai kwata, akwai benci, akwai kwandunan maƙwabta, amma Perpetual ba ta taɓa zagaye ko ɗaya ba. Ta kansu take bi, leda a hannu, ko rage gudu ba ta yi.

"Pepe, wata rana sai kin karya wuyanki!" in ji uwar, tana faɗa tana dariya, don ciniki dai ya shigo.

Wanda ya fara ganin abin da ke cikin wannan rashin ji shi ne Abednego, malamin wasanni na sakandaren da ta shiga. Mutumin Filato ne, dogo, busasshe, da usur rataye a wuya ko coci za shi. Shi ma ya yi tseren tsallake shinge a zamaninsa, bai kai ko'ina ba, ga shi yanzu shekara da shekaru a makarantar yana jiran a tabbatar da shi a aiki. Wata yamma ya tsaya sayen ayaba, sai ya ga yarinya ta haye benci da faranti a hannu, lemo ɗaya bai motsa ba. Ayabar da bai saya ba ke nan. Washegari ya sa aka kira masa ita daga aji.

Makarantar ba ta da shinge ko na magani. Abednego ya sayo fayif ɗin roba irin na masu gyaran famfo, ya yanka, ya harhaɗa, ya jera a filin da awakin unguwa ke kiwo. A kan waɗannan ta koya. Sauran yara tsalle suke yi, su tashi sama, su diro, sannan su sake neman gudu. Perpetual ba ta tsalle. Shafar shingen take yi ƙasa-ƙasa, har wani lokaci gwiwarta ta baya ta goge shi, kuma a nan ne take barin kowa a baya.

Ranar da ta fara ganin shinge na gaskiya, na ƙarfe da katako, a babban filin wasa ne, wurin gasar makarantun Abuja. Ta ja da baya. Abednego ya kama hannunta ya kai ta gaban ɗaya daga ciki.

"Dubi ƙafafunsa," ya ce. "Kullum wajenki suke kallo, ta inda kike tahowa. Idan kin buge shi, babu abin da ya tokare shi ta baya, kwantawa zai yi. Taɓa ki gani."

Ta tura da yatsa, shingen ya kife.

"Kin gani? Kar ki ji tsoronsa, yi gudunki yadda kika saba. Amma ko da wasa kar ki tsallake shi ta ɗaya ɓangaren. Ta can ba ya faɗuwa. Ke za ki faɗi."

Ta kayar da biyu a ranar, kuma duk da haka ta riga wadda ta zo ta biyu isa da tazarar da har ta samu damar waigowa. Daga nan sai abu ya yi ta gaba. Ta cinye 'yan makarantun kuɗi masu takalman waje, ta cinye na shiyya, aka faɗi sunanta a rediyo, mai labaran ma bai iya furta shi daidai ba. A coci aka kira ta gaba aka ɗora mata hannu. Direban da ke kawo wa uwarta kaya daga Zuba ya daina ce mata Pepe, sai "Jirgi". Sannan babban labari ya zo: an gayyace ta zaɓen matasan da za su wakilci ƙasa. Duk wadda aka ɗauka a nan ta bar bakin titi ke nan, karatu da komai sai dai ta zaɓa. Perpetual ba ta da wani buri a duniya sai wannan. Da shi take kwana, da shi take tashi, har tana jin tsoron faɗinsa da ƙarfi.

To a nan ne Alhaji Abdulrauf ya shigo. Ɗan kwangila ne mai neman kujera, wanda tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kallon tsere ba, sai dai na motocin rakiyarsa. Yaransa suka ce masa akwai wata yarinya da ake magana a kanta, kuma makarantarsu ko shinge babu. Shi ke nan. Ya sa aka ƙera sababbi guda goma, mai fenti ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe ja a jikin katakon kowanne, aka sa bikin miƙawa ranar wata Asabar, saura mako guda a yi zaɓen. Yarinyar za ta tsallake su a gabansa, a ɗauki hoto, a ci shinkafa, a watse.

Da safiyar ranar Abednego ya jera shingayen da hannunsa, yana shafa su kamar sabuwar mota. An kafa rumfar manyan baƙi a ƙarshen fili, ƙarƙashin itatuwan darbejiya, inda yarinyar za ta ƙarasa gudu. Perpetual tana gefe tana miƙe jijiyoyi lokacin da Madam Sandra, shugabar makarantar, ta iso da turarenta da muryarta. Wannan mata ba ta san sunan Perpetual ba sai da ta ji shi a rediyo, amma tun daga ranar take ce mata "'yata". Ta je ta zauna a kujerar Alhaji don ta gwada abin da zai gani. Sai ta zabura.

"Abednego! Zo nan. Ina sunan Alhaji?"

"Yana jiki, Ma. Ta wancan ɓangaren mai fenti ya rubuta, ta inda yarinyar za ta taso."

"Alhaji ne zai taso da gudu ko yarinyar? Mutum ya yi wannan hidima, ya zo ya zauna yana kallon farin katako? A juya su."

"Ma, ba a juya shinge. Idan ta buge shi a juye ba zai faɗi ba."

"Ai gara kar ya faɗi. Sabo ne."

Abednego ya share gumi. "To Ma, bari ta taso daga nan gaban rumfa ta nufi can. Sunan zai kalli Alhaji, ita ma ƙafafun suna kallon ta, kowa ya huta."

Madam ta dube shi tun daga takalmi har usur. "Ta juya wa babban baƙo baya? A gaban 'yan jarida? Ɗiyar mai lemo ta nuna wa Alhaji ƙeya tana gudu, kamar ya biyo ta? A garinku haka ake karɓar baƙi?"

"Ko a matsar da rumfar zuwa can..."

"Cikin rana? Da janareta da kujeru da komai? Abednego, maganar tabbatar da kai tana hannuna, ka sani ko? Kar ka ɓata min rai da safen nan."

Wallahi da ya tsaya a kan bakansa, da labarin nan bai kai ga haka ba. Amma bai tsaya ba. Ya sunkuyar da kai, ya koma fili, ya ɗaga shingayen ɗaya bayan ɗaya ya juya su da hannun nan da ya jera su. Perpetual tana kallo. Da ya zo na ƙarshe ta matso.

"Koci, ka juya su."

"Na sani."

"Kai ka ce ko da wasa."

"Na san abin da na ce." Bai dube ta ba. "Ba gasa ba ce, Perpetual, nuni ne kawai. Ki tashi sama sosai, kar ki taɓa ko ɗaya. A hankali. Babu mai riƙe agogo."

Ta wuce shi, ta je ta rusuna a gaban Madam. "Ma, don Allah a yi haƙuri, ba zan iya tsallake su haka ba. Ina da zaɓe Asabar mai zuwa."

Madam ta yi murmushi, ta gyara mata wuyan riga. "'Yata, wa ya tura sunanki zaɓen nan? Makaranta ce. Bakin da ya ce a sa ki, shi zai ce a cire ki. Har kin yi girman da za ki kunyata ni a gaban baƙo? Je ki shirya."

Alhaji bai iso ba sai da rana ta take. Aka yi jawabi, aka yi addu'ar Musulmi, aka yi ta Kirista, aka sake jawabi. Ɗalibai sun bushe a tsaye. Can cikin iyaye Perpetual ta hango uwarta, ta rufe tebur a ranar Asabar guda, ta ɗauro zanen da take zuwa coci da shi ranar godiya, tana gaya wa duk wanda ke kusa, "'Yata ce, 'yata ce."

Abednego ya busa usur. Perpetual ta taso, ta yi abin da aka ce. Kowane shinge ta tashi sama da shi sosai, ta diro, ta tattara jiki, ta sake tashi. Abin ba kyan gani, ita ma ta sani. Amma ta wuce duka goma lafiya, ta tsaya a gaban rumfa tana haki, tana cewa a ranta, na gode Yesu, na gode. Ta ɗauka an gama.

Alhaji ya sauke waya daga kunne. "Har an yi? Ni ƙarshen kawai na gani." Ya juya ga Madam. "Ita ce wadda ake ta faɗa? An ce min iska ce. Ni tsallen kwaɗo na gani."

'Yan rakiya suka kwashe da dariya, har da masu buga cinya. Mai hoto ma ya matso da nasa ƙorafin: yarinyar tana tashi sama da yawa, ita da sunan Oga ba sa shiga hoto ɗaya, ga shi fuskarta a ɗaure kamar an aike ta dole.

"A maimaita," in ji Alhaji, ya ajiye wayar a cinya.

Madam ta taso ta kama damtsen Perpetual, farcenta ya shige. Murmushin yana nan a fuskarta saboda 'yan jarida. "Ki yi irin wanda kike yi a filin wasa," ta ce a hankali. "In kika sake yi min wannan iskancin, Asabar mai zuwa a bakin titi za ki wuni."

Perpetual ta koma wurin tashi. Tafiyar ta yi mata nisa. Mai gabatarwa, wani malami da ke ganin kansa ɗan barkwanci, ya kama makirufo: "Jama'a, a yi mata uzuri, zakarar tamu ta cika ciki da ayabar mamanta!" Ɗalibai suka fashe. Waɗanda suka ɗaga ta a kafaɗa ranar da ta ciyo kofi, su ne yau suke kukan kwaɗo suna nuna ta. Kunya ta kama ta, sannan fushi ya kori kunyar. Ta nemi idon Abednego. Yana tsaye da usur a baki, idonsa a ƙasa.

Sai ta ji muryar da ta sani a cikin dubu, muryar da ke tsayar da mota a kan titi.

"Pepe! Nuna musu! Nuna musu ko ke wace ce!"

Baiwar Allah, ina ta san shinge yana da gaba da baya?

Usur ya tashi. Perpetual ta fita kamar an harba ta. Na farko ta shafe shi ƙasa-ƙasa, babu abin da ya raba gwiwarta da katako sai iska. Na biyu haka, na uku haka. Dariya ta mutu, fili ya ɗauki ihu, har Alhaji ya miƙe tsaye. Kuma abin takaicin, daɗi take ji. Ƙafafunta sun koma gudun da suka sani, ta manta da Madam, ta manta da fenti, ta manta ta wane ɓangare take. Jikin da aka koya wa kar ya ji tsoron shinge bai ji ba. Ana saura kaɗan ta ƙarasa, ƙafarta ta baya ta ɗan yi ƙasa, irin ɗan kuskuren da take yi kullum ba ya hana ta komai.

Shingen bai kwanta ba. Ya tokare a ƙasa ya riƙe ƙafar, sauran jikin ya wuce. Har a rumfa an ji ƙarar.

Da farko ba ta ji zafi ba. Ta yunƙura za ta tashi ta ƙarasa, sai ta ga ƙwaurinta ya kalli inda ƙwauri ba ya kallo. Sannan ta yi ƙara. Uwarta ta ratso mutane da gudu, zanen godiya ya kwance tana jan sa a ƙasa. Abednego ya durƙusa yana ta cewa, "Kar ki motsa, kar ki motsa," kamar akwai inda za ta. Madam kuwa abin da ta fara yi shi ne ta sa manyan ɗalibai su yi layi su tare wurin, kar Alhaji ya ga abin da zai ɓata masa rai. Mai gabatarwa ya ce a tafa mata, aka tafa. Wani yaron Alhaji ya zo ya duba shingen, ya goge jan fentin da hankici, ya koma ya ce babu abin da ya same shi.

Motoci sun fi goma a wurin, masu sanyi, masu baƙin gilashi. A Keke Napep aka kai ta asibiti, kanta a cinyar uwarta, kowane rami sai ta suma ta farfaɗo. Kafin su fita ƙofar makaranta sun ji Alhaji a lasifika yana cewa yarinyar nan 'yarsa ce, komai na jinyarta a wuyansa. Aka yi guɗa, aka fara raba shinkafa.

Likita ya ce ƙashi ya karye, jijiyoyin gwiwa sun tsinke, sai an yi aiki. Angelina ta je ƙofar gidan Alhaji har maigadi ya san kalar duk zannuwanta. Kullum Oga ya yi tafiya. Ta je makaranta, Madam ta ce ai ita ma ranta ya ɓaci, amma a faɗi gaskiya, yarinyar ce ta cika rawar kai, kocinta ya ce ta bi a hankali ta ƙi ji. Aka kira Abednego ya tsaya a gaban uwar, aka tambaye shi ko ya faɗa mata haka. Ya ce ya faɗa. Ba ƙarya ya yi ba, kuma a nan ya tsaya. Kafin ƙarshen zango aka tabbatar da shi a aiki.

Kuɗin aikin bai samu ba. Ranar zaɓen Perpetual tana kwance a tabarmar wani mai ɗori a Uke, ƙarti biyu sun danne ta yana ja. Wata yarinya da ta saba bari a baya da tazara ita aka ɗauka. Ƙashin ya haɗe daga baya, amma a karkace, gwiwar kuma ba ta ƙara lanƙwasuwa yadda ya kamata ba. Ta yi kuka har kukan ya ƙare. Abin da ya fi ci mata rai ba Madam ba ce, ba ma Alhaji ba. Uwarta ce, da duk lokacin da Perpetual ta farka sai ta same ta zaune tana kallon ƙafar tana cewa, "Ni na ce ki nuna musu." Perpetual ta gaji da ce mata ba laifinta ba ne, don ko ta faɗa ba ta ji.

Da lokacin kamfe ya matso, sai aka kafa wani ƙaton allo a mahaɗar, daidai saman teburin Angelina. Hoton ya yi kyau, a faɗi gaskiya, mai hoton ya san aikinsa. Ga yarinya a iska, ƙafa a miƙe, ido a gaba, kyakkyawa kamar ba ta taɓa jin yunwa ba. A ƙarƙashinta sunan Alhaji Abdulrauf ya fito ja wur, kowane harafi a fili. An rubuta cewa shi ne mai ɗaga matasa. Ba a sa sunanta ba.

Nan Perpetual take wuni yanzu, a kan bencin da take hayewa a da, sanda a jingine a bayanta, tana feren lemo. Ta yi ƙiba kaɗan, ta daina kitso, ba mai haɗa ta da hoton. Yaran maƙwabta ne ke gudu zuwa motoci, su ne kuma ke kwashe cinikin.

Wata ranar Talata uwar ta tafi Zuba sarin kaya, sai wata mota fara ta tsaya. Gilashi ya sauka, wata hajiya mai tabarau ta leƙo.

"Ke! Kawo lemo leda biyu, yi sauri."

Perpetual ta zuba, ta ɗaure, ta fara laluben sandarta.

"Wai ba da ke nake ba? Kina zaune kamar an dasa ki! Yaran yanzu, son jiki kamar me." Hajiyar ta ɗaga hannu ta nuna allon. "Ɗaga kai ki dubi sa'arki. Dube ta! Ita tana can tana ɗaga sunan iyayenta, an taimake ta ta taimaki kanta. Ke kuwa ko tashi daga benci ya gagare ki."

Perpetual ta ɗaga kai ta duba. Daga inda take zaune ana ganin ƙafafun shingen sarai, sun juya wa yarinyar baya.

"Yanzu haka tana Amurka," in ji hajiyar. "Ko ba ki san ta ba?"

"Na san ta, Hajiya."

"To ki yi koyi da ita. Kawo lemon."

Perpetual ta dafa sanda ta miƙe. Ta zagaye bencin, ta zagaye kwandunan, ta bi gefen kwatar a hankali tana neman inda aka ɗora katako. Kafin ta kai, wata ƙaramar yarinya ta tsallake kwatar da leda biyu a hannu. Gilashin ya ɗaga, motar ta tafi.